Uwa ɗaya uba ɗaya, duk SS, amma ciwon ba ɗaya ba

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah likitocinmu ku warware min wani abu, kaina ya ɗaure. Yarana biyu masu sikila ne, duk SS aka rubuta musu. Ilham shekararta 12, tun da aka haife ta sau biyu kacal aka taɓa ba mu gado, ba a taɓa yi mata ƙarin jini ba. Azumin bana ma sai da na yi da gaske kafin ta haƙura ta ajiye. Ƙaninta Sadik shekararsa 7, daga babbar salla zuwa yau kwanciyarmu uku, leda huɗu aka ƙara masa. In hunturu ya kama, ruwan wanka ya ɗan huce kaɗan ya isa ya tayar masa da ciwon ƙafa, ya kwana yana kuka. Tukunya ɗaya suke ci, ɗaki ɗaya suke kwana, kowa da gidan sauronsa. Jiya kakarsu ta ce ai Ilham lafiyarta ƙalau, asibiti ne suka yi mata ƙarya, shi kuma Sadik nasa ba na asibiti ba ne, a nemi na gida. Na rasa amsar da zan ba ta.

Anti Rabi Ungozoma: Wa alaikumus salam. Sannu Maman Ilham, Allah ya ba Sadik lafiya, ke kuma ya ƙara miki juriya.

Auwal Injiniya: Amin. Amma ni fa ina bayan Hajiya Kaka a rabin maganarta. A sake gwada Ilham. SS ai SS ne, ba a ɓoye shi.

Dakta Bilkisu: Wa alaikumus salam. Maman Ilham, abin da kika kawo kullum muna ganinsa a asibiti, kuma shi ne ma ya hana masu bincike barci shekara da shekaru. Sake gwajin ba laifi ba ne, zan dawo kansa. Amma Injiniya, wannan magana taka ta "SS ai SS ne" ita ce ba haka ba.

Abu biyu ne muke haɗa su wuri ɗaya. Akwai jinotayif, wato abin da mutum ya gada a rubuce cikin ƙwayoyin halittarsa, rabi daga uwa rabi daga uba. Akwai kuma finotayif, wato abin da ya fito fili a jikin mutum, wanda za a iya gani ko a auna: yawan jininsa, sau nawa ciwo ke tashi a shekara, ko saifarsa ta kumbura, ko idonsa na yin ɗorawa, tsayinsa, nauyinsa. Ilham da Sadik sun yi tarayya a na farko, a kan wannan ƙwaya guda dai. A na biyu ne kowa ya kama gabansa.

Kuskuren da ke kawo sikila ƙarami ne ƙwarai. Himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a jajayen ƙwayoyin jini, kamar carbi yake. A zare guda mai 'ya'ya 146, ɗan carbi na shida ne kawai aka musanya da wani. Vernon Ingram ne ya gano haka a Kambirij ta Ingila wajen 1956. Duk mai SS a duniya wannan musanyar ce da shi, ba daɗi ba ragi. Duk da haka wani yana rasuwa kafin a yaye shi, wani kuma sai ya ga jikokinsa.

Baba Malam Isa: Likita, Allah ya yi miki albarka. Sai dai waɗannan kalmomi naku suna sarƙe min harshe. Shekara 35 na yi ina koyarwa, na san abin da yaro bai iya faɗa ba ba ya riƙe shi. In na fahimce ki, ai zahiri da baɗini kike nufi. Baɗini shi ne gadon da ke ɓoye, zahiri shi ne abin da ya bayyana.

Dakta Bilkisu: Baba, wallahi ka fi ni iya faɗa. Na karɓa. Ƙari ɗaya kawai: zahirin a wurinmu ba sai wanda ido ke gani ba. Abin da na'ura ta auna a jini ma zahiri ne.

Habibu Samaru: Baba bari ɗalibin noma ya sa baki, don kalmomin nan asalinsu namu ne, likitoci aro suka yi. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Denmak, Wilhelm Johannsen, shi ya ƙirƙiro su a 1909, kuma a kan wake ya yi aikinsa. Ya ware wake mai tsatso guda, wanda gadonsa ɗaya ne sak, ya auna nauyin ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya tarar wasu manya wasu ƙanana. Ya shuka manyan daban, ƙananan daban. Da aka girbe, matsakaicin nauyin 'ya'yansu bai bambanta ba. Ashe girman nan ba na gado ba ne, na wurin zama ne: wane kwanso aka samu, wane reshe ya fi samun rana da ruwa. Mu a gonar gwaji aikin ke nan kullum. Iri ɗaya za ka shuka a Samaru da Minjibir, ka bi shi da ma'auni da littafi, ranar da ya yi fure, tsawon kwanso, yadda tsutsa ta ci shi. Ba a sakin sabon iri don an ga ƙwayar gado mai kyau a ɗakin gwaji, sai gona ta ba da shaida.

Auwal Injiniya: Habibu yaran mutane ake magana ka kawo mana wake.

Habibu Samaru: Yaya Auwal ai dokar ɗaya ce, ba ni na kafa ta ba.

Maman Ilham: Na gode. To amma Likita, wake dai an ce wurin zama ne. Nawa yaran ai wurin zamansu ɗaya.

Dakta Bilkisu: Tambayar ke nan. Babban abin da aka sani shi ne himogulobin na jarirai, wanda muke rubutawa HbF. Da shi jariri ke rayuwa a ciki, kuma shi ba ya lanƙwashewa ya zama lauje. Bayan haihuwa jiki yana rage yin sa a hankali, shi ya sa da wuya ki ga ciwon ya tashi kafin wata biyar ko shida. Wata likitar yara a Niyok, Janet Watson, ta lura da wannan tun 1948, da ido da madubin ƙara girma kawai: jinin jarirai masu sikila ba ya nuna lauje da yawa kamar na manya. A babban mutum mai lafiya HbF bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Amma a masu sikila wasu jikinsu ba ya kashe shi duka, sai ya bar musu kaso mai tsoka, kuma yawanci su ne ciwon ke yi wa sauƙi.

Misalin da aka fi bayarwa Saudiyya ne. A gabashin ƙasar, wajen Ƙaɗif da Ahsa, akwai masu SS da yawa da HbF ɗinsu ke sama, yarintarsu na zuwa da sauƙi. A kudu maso yammacin ƙasar kuwa irin namu ne, mai tsanani. Da aka bincika sai aka ga ƙwayar S tana tafiya da maƙwabta daban-daban, aka raba su gida-gida: na Benin, na Senegal, na Kamaru, na Bantu, da na Larabawa da Indiya. Na Senegal da na Larabawa su suka fi sauƙi. Mu Nijeriya mafi yawanmu na Benin ne.

Nura Lab: Dakta, da izininki. Wannan bayanin gidajen ba zai raba Ilham da Sadik ba fa. In iyayen AS ne su biyun, kowanne S ɗaya gare shi, shi ya ba Ilham shi ya ba Sadik. Gidansu ɗaya ke nan.

Dakta Bilkisu: Ka kama ni, Malam Nura, gaskiyarka. Na kawo shi ne don a ga yadda aka fara gane abin, amma a kan 'yan ɗaki ɗaya ba ya aiki. Abin da ke raba su yana wasu wurare. Ƙwayoyin gado a ƙunshi-ƙunshi suke, ana kiran kowane ƙunshi kuromosom, kuma ƙwayar sikila tana kan na 11. Makunnin da ke kashe HbF, wanda ake kira BCL11A, yana kan na 2. Akwai wani a kan na 6. Sannan akwai alfa talasimiya, wani gado da ke rage yin himogulobin, a kan na 16, wadda ta yawaita a Afirka ta Yamma, mai ita sau da yawa bai ma sani ba, kuma in ta haɗu da SS tana rage fashewar jini da haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Waɗannan kowanne rabonsa daban ake yi a kowane ciki. Ilham na iya dacewa da wasu, Sadik bai samu ba. Bayan wannan kuma akwai abin da ya faɗo wa yaro a hanya: zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana ƙarami, ciwon huhu, gudawa da ta ƙarar masa da ruwan jiki. Har tagwaye masu kama ɗaya an gani ciwonsu ya bambanta.

Auwal Injiniya: To alhamdu lillahi. Ni abin da na tsinta a nan shi ne an daɗe ana tsorata mu. In akwai SS irin na Ilham, me ya sa ake raba masoya don AS da AS? Kashi 25 ne kawai, a cikin 25 ɗin ma wasu lafiya lau. Ga magani kuma an ce an samo a Turai.

Zee Jaruma: Injiniya, tun ɗazu nake karatu ban yi niyyar magana ba, amma ka taɓo ni. Shekarata 34, SS ce ni. Har na gama sakandare ana nuna ni ana cewa ga mai sauƙi. Irin Ilham ce ni, Maman Ilham ki yafe ni, ba baki nake yi mata ba. Ina shekara 23 ƙuguna na hagu ya fara ciwo, aka ce kan ƙashin ne ya mutu don jini ba ya isa gare shi. Yau da sanda nake tafiya, a kan kujera nake salla. Akwai gyambo a idon sawuna da ya shekara biyu yana rufewa yana buɗewa, na san ƙamshin kowane irin bandeji. Wanda ya gan ni a biki da kwalliya zai ce lafiya lau. Sauƙin da kake magana a kai ba a ba kowa takardarsa ba, kuma ba a zaɓa. Kai za ka sha soyayya, wani ne zai biya da ƙashinsa.

Anti Rabi Ungozoma: Kuma 25 ɗin nan a kowane ciki ne, ba wai cikin yara huɗu ɗaya ba. Na karɓi haihuwar mace da ta jera uku duk SS. Ga ma Maman Ilham nan, biyu.

Auwal Injiniya: Allah ya ba ki haƙuri Zee, ban yi nufin raina ciwonki ba. Abin ne ya shafe ni, shi ya sa.

Zee Jaruma: Na gane tun daga yadda ka rubuta. Allah ya zaɓa maka mafi alheri. Amma kada ka gina gida a kan labarin Ilham.

Dakta Bilkisu: Zee ta faɗi abin da littafi ma bai iya faɗa da kyau ba: zahirin yana sauyawa da shekaru. Kuma har yau babu gwajin da zai kalli jariri ya ce wannan nasa mai sauƙi ne har tsufa. Maganin da ka ji kuwa, Casgevy sunansa, Ingila ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka a Disamba. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, sai an ciro ƙwayoyin ɓargo an gyara, an ba mutum magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji kafin a mayar. A Nijeriya ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila duk shekara. Ka yi lissafin da kanka, kai ne injiniya.

Amma ku duba ta inda maganin ya fito, don shi ne amsar mai tambayar amfanin bin zahiri. Casgevy ba ya taɓa ƙwayar sikila ko kaɗan, tana nan yadda take. Makunnin BCL11A yake lalatawa don jiki ya koma yin HbF. Shi kuma makunnin ba a san alaƙarsa da HbF ba sai 2007 zuwa 2008, lokacin da aka tara mutane da yawa, aka auna HbF na kowa, aka ware masu yawa da masu kaɗan, sannan aka shiga DNA ana neman inda suka bambanta. Da ba a auna su ba, da ba a san inda za a duba ba. Yara irin Ilham, waɗanda suka ƙi yin ciwo yadda littafi ya ce, su suka nuna hanya.

Baba Malam Isa: Ikon Allah. Wato mai lafiyar ma abin nazari ne, ba majinyacin kaɗai ba.

Nura Lab: Bari in dawo da mu kan sake gwaji, don akwai abin da ya daɗe yana cina. Wannan da duk muke kira gwajin jinotayif, wanda dokar Kano ta 2024 ta wajabta kafin aure, a gaskiya ba jinotayif muke gwadawa ba. Ba ma taɓa DNA. Jini muke fasawa, mu ɗiga a kan wata 'yar takarda, mu sa mata wutar lantarki, kowane irin himogulobin ya yi tafiyarsa: A ya yi nisa, S ya tsaya a tsakiya, C a baya. Sai mu kalli layukan mu rubuta. Zahiri muke karantawa mu yi hasashen baɗini, shi ya sa wasu ɗakunan gwajin a takardarsu finotayif suke rubutawa, kuma su ne suka yi daidai. Hanyar ma tsohuwa ce, da irinta Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa himogulobin na masu sikila daban yake.

Mafi yawan lokaci hasashen yana fita daidai. Amma ga inda yake zamewa. Mai SS da aka yi wa ƙarin jini, in ka gwada shi a makon zai fito kamar AS, don jinin wani ne ke yawo a jikinsa. Sai an jira kamar wata uku. Don haka Maman Ilham, Sadik kada a sake masa yanzu. Akwai kuma wasu irin himogulobin, D da G, da ke tsayawa daidai inda S ke tsayawa. Ga wuta da ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki, ga sinadarin da ya kwana biyu, ga wanda zai yi gwajin lauje kawai, wanda ba ya raba AS da SS, ya rubuta abin da ya ga dama.

Wanda ba na mantawa, a wani wuri da na taɓa aiki, miji AA mata AS, jaririnsu ya fito SS. Mutumin nan a bakin tagarmu ya tsaya, takarda na rawa a hannunsa, matar na zaune a benci ta rufe fuska da mayafi ba ta ce uffan ba. Danginsa har sun fara maganganu. Babbanmu ya ce kada kowa ya yanke hukunci, a kai jinin uban a yi masa HPLC, gwajin na'ura da ke auna yawan kowane irin himogulobin. Sai ga wani irin himogulobin da ake kira HbA2 ya yi sama a jininsa, jajayen ƙwayoyinsa ƙanana. Ashe yana ɗauke da beta talasimiya, wadda a takardarmu AA take nunawa. Yaron ya ɗauki S daga uwa, ya ɗauki ƙwayar da ba ta yin A daga uba, sai layin S kaɗai ya fito. Ɗansa ne na halak. Ba kasafai ake samun irin wannan a nan ba, kuskuren ɗakin gwaji ya fi shi yawa nesa ba kusa ba, amma ko sau ɗaya ne ai aure ne da mutuncin mace.

Anti Rabi Ungozoma: Inna lillahi. Mata nawa aka saka a kan irin wannan ba a bincika ba.

Alhaji Tanko Kumasi: Salamu alaikum, ina biye daga Zongo. Mu nan Gana SC muke gani da yawa, musamman mutanen arewa da na Burkina. Ɗan ƙanena SC ne, bai san yana da komai ba sai da ya kai 30 idonsa ɗaya ya fara dishi-dishi. Shin shi ma sikila ne?

Dakta Bilkisu: Sikila ne Alhaji, wata fuskar ce daban. Masu SC jininsu bai cika yin ƙasa ba, ciwon ƙashi bai kai na SS yawa ba, amma matsalar ido ta fi kama su. Ya riƙa zuwa likitan ido ana duba bayan idon duk shekara, ko da yana gani garau.

Auwal Injiniya: Ni yanzu tambayata ta koma wani wuri. In DNA ce gaskiyar magana, me zai hana a bar duk wannan kame-kamen a yi wa kowa gwajin DNA a huta?

Nura Lab: Kuɗi, na farko.

Dakta Bilkisu: Ko kyauta ne ba zai wadatar ba. DNA za ta ce maka Sadik SS ne, abin da uwarsa ta riga ta sani. Ba za ta ce maka ko yana dab da shanyewar ɓarin jiki ba. Abin da ke faɗin wannan wata na'ura ce, TCD, ana ɗora ta a gefen kai gaban kunne, tana auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ba allura, ba zafi. In gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron na cikin haɗari. Idan ba a yi komai ba, kusan ɗaya cikin goma na masu SS kan samu shanyewar kafin su kai shekara 20. Binciken da aka buga a Amurka a 1998 ya nuna ƙarin jini duk wata yana rage haɗarin da kusan kashi 90 cikin 100 ga yaran da na'urar ta nuna. To mu ina za mu samu jinin duk wata na shekaru? Shi ya sa a nan Kano, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Murtala, tare da Jami'ar Vanderbilt, aka tantance yara da TCD aka ba masu haɗarin maganin haidiroksiyuriya a maimakon jini, aka ga yana kare su, har da ƙaramin awo. Maganin nan kuma aikinsa ɗaga HbF ne. Duk wannan ba a buɗe DNA ɗin kowa ba.

Wani misalin da nake so shi ne na Jamaika. Daga 1973 zuwa 1981 Graham Serjeant da abokan aikinsa sun gwada jarirai 100,000 a jere a Kingston, suka ware masu sikila suka bi su shekara da shekaru, ana rubuta komai, har ranar da yaro ba shi da ciwo. A nan aka gane cewa kumburin saifa farat ɗaya na cikin manyan masu kashe ƙanana. Maganin da suka kawo koya wa iyaye mata taɓa cikin yaro ne kullum, in sun ji saifa ta sauko su garzayo. Mace-macen da ke zuwa ta wannan hanya suka ragu ƙwarai. Hannun uwa da littafin rubutu.

Abin da ke ba ni takaici a wurinmu shi ne wannan littafin. Muna da masu sikila fiye da kowace ƙasa, amma buɗe fayil ɗin yaro ka ga an rubuta "ciwo ya tashi, an ba da magani, an sallama". Wane ƙashi? Kwana nawa? Me ya tayar da shi? In fayil ɗin ma bai ɓata ba ke nan. Gobe in mai bincike ya zo da na'urar DNA ta biliyoyi, da me zai gwama abin da ya gani?

Anti Rabi Ungozoma: Dakta kin tuna min da kafur. Akwai jariran da ke da ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, maza sun fi yawa. Lafiyarsu ƙalau har sai an ciro kayan jarirai daga akwatin da aka zuba wa kafur an sa musu, kwana biyu sai shawara ta rufe yaro, ido ya yi ɗorawa shar. Gadon yana nan tun ran haihuwa, kafur ne ya tone shi. Kullum sai na yi faɗa da kakanni a kan wannan.

Habibu Samaru: Shi ne maganar wake dai da Yaya Auwal ya hana ni.

Baba Malam Isa: Habibu ka ci gari, a bar ka da wakenka. Ni dai 'yata Maman Ilham nake so a sallama da abin yi, kada mu bar ta da tarihi.

Dakta Bilkisu: Gaskiya ne Baba. Maman Ilham, ba zan rubuta magani a zaure ba, amma ga abin da za ki kai wa likitansu. Ilham a yi mata HPLC, zai tabbatar da SS ɗin ya kuma nuna yawan HbF, kin samu amsar Hajiya Kaka a takarda. Su biyun a yi musu TCD, har Ilham, don rashin ciwon ƙashi ba ya nufin jijiyar kai lafiya take. Daga shekara 2 zuwa 16 ake yi, duk shekara. Sadik kuma yaron da ya kwanta sau uku cikin 'yan watanni ya kai a zauna a yi maganar haidiroksiyuriya. Yana sha?

Maman Ilham: An taɓa rubuta masa bara, babansu ya ji an ce maganin kansa ne ya hana.

Zee Jaruma: Ni shekara shida ke nan ina sha. Asalinsa na masu kansa ne, gaskiya ne, amma awon ba ɗaya ba ne, kuma ana duba jini a kai a kai. Da a shekara sai in kwanta sau biyar, bara sau ɗaya. In Baban Ilham zai yarda, mijina ya kira shi su yi magana ta maza.

Maman Ilham: Wallahi da kin taimake ni, zan bi ki ta akwati. Likita, littafin da kika ce, me da me zan riƙa rubutawa? Akwai ragowar littafin lissafin Ilham na aji shida, yanzu zan yage shafukan da ta yi amfani da su.

Dakta Bilkisu: Kwanan wata, inda ke ciwo, awa nawa ya yi, zafin jiki in kina da ma'auni, me ya faru kafin nan: sanyi, wasan ƙwallo, zazzaɓi, rashin shan ruwa. Launin ido da na fitsari. Shafi ɗaya na Sadik, ɗaya na Ilham, ko da nata zai zauna fari.

Maman Ilham: To. Saifar fa, ta wane gefe ake taɓawa?

Anti Rabi Ungozoma: Hagu, ƙarƙashin haƙarƙari. Amma ba a koyon wannan a waya. Ki zo da shi ran Talata bayan awo, in ɗora hannunki a wurin.